Sawun Takalmin Taya a Gindin Rumbuna

Bari in riga kowa faɗa, tunda duk garinmu an sani: ni ba ni da wayo. Baki gare ni, kuma na fi shekara sittin ina ɗaukar baki da wayo abu guda ne. Lakwal, makarantar boko, shekara biyu na yi, mushe, wato malaminmu, ya kore ni don na sa mashi ƙadangare cikin aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Abin da na fito da shi harufa ne da Faransanci cikin cokali. Da wannan cikin cokalin na riƙa yi wa mutane burga, kuma da shi na kashe wa wani bawan Allah suna. Ban gane abin da na aikata ba sai bara. Abin kunyar, ba malami ya nuna mani ba, ba mafarki na yi ba. Wasa ne na cikin salula.

Bara jakina ya ga babur a hanyar Maijirgi, ya tuna shi ma yana da ƙafafu, amalanken da yake ja ta kife da ni, ƙafata ta karye. Mai ɗori ya ɗaure ta, ya ce in kwanta wata biyu. Daminar ma ta yi mana halinta. Mun yi shuka, ruwa ya ɗauke, hatsi ya tsaya iya gwiwa yana duban sama kamar yadda muke dubanta. Sojoji kuma sun sake karɓar mulki, in ka buɗe rediyo sai jawabi. Ba gona, ba kasuwa, ba zaman gindin itacen bedi da tsofaffi. Sai na juya kan uwar gidana da surutu, tun safe har la'asar ina koya mata yadda ake dama fura, ita da ta fi shekara arba'in tana damawa.

Ɗiyata ta fari, wadda ke koyarwa a lakwal a Tasawa, ta zo dubiya ta tarar uwarta ta kusa tserewa. Ta zaro tsohuwar salularta mai faɗin gilashi ta ɗora mani a kan ciki.

"Baba, riƙe wannan, ka bar Inna ta huta."

"Ni da ƙaramar salulata ma sai an danna mani? Wa zan kira?"

"Ba kira ba ne, wasa ne. Kai ne mai bincike. An yi ɓarna a wani gida, kai za ka gano wanda ya yi."

Daga bakin murhu uwar gida ta ce, "Ai kuwa kin samu gwani."

Na yi dariya, na ɗauka yabo ne.

Ga yadda abin yake. Wani Bature ne mai doguwar riga da malafa, kai ne shi. A kira shi wani babban gida, a ce an saci abu ko an kashe mutum. Ka shiga ɗaki ka riƙa taɓa kaya da yatsa, akwati, kofi, wasiƙa, tokar murhu. Abin da ke da amfani sai ya tashi ya shige wani ɗan littafi a gefe. Ka bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya kana tambayarsu. Daga ƙarshe ka ja jan zare daga wannan shaida zuwa waccan, ka nuna mai laifi. Faransancin ya fi ƙarfina, ina karanta layi guda kamar mai hawan tudu da kaya, amma akwai hotuna, in na maƙale kuma sai in aika wa ɗiyata murya ta fassara mani.

Kafin sati guda na zama abin tausayi. Fura ta tsinke a gabana ina neman wanda ya ɗauke agogon wata tsohuwa. Masu dubiya su zo su yi sallama, in amsa ido na kan gilashi. In batir ya mutu, shi kuwa yana shan batir kamar raƙumi a bakin rijiya, sai a kai wajen mai caji, in kwanta ina zagin azara har a dawo da shi.

Wanda ya ƙera wasan nan bai san mutane ba, wannan na gane tun farko. Baƙo ya faɗo gida ba sallama, ya buɗe akwatin matar gida, ya karanta wasiƙarta, kowa na tsaye yana kallonshi. A garinmu da tuni taɓarya ta sauka a ƙeyarshi. Kuma duk wanda ya tambaya sai ya amsa. Mu nan baƙo ya tambaye ka jakin wane ne wannan, kana kanshi zaune za ka ce ba ka sani ba. Shaida kuwa ƙyalli take yi a kusurwar ɗaki, kamar tana cewa ga ni nan. Abin da ya fi ci mani rai, babu mai jin yunwa a ciki. Tebur cike da abinci, ba mai ko kallonshi. Wanda ya yi sata don gado ya yi ko don ƙyashi, mugu ne tun daga gira har tafin ƙafa, in ka kama shi a buga maka kiɗa, ka sha ruwa hankalinka kwance. Ban taɓa cin karo da wanda ya ɗauki abu a ciki don yaro na kuka ba.

Amma yana da wani hali da ni ba ni da shi. Ba ya gaggawa, kuma ba ya jin kunyar tambayar kowa. Mai gida, matarshi, tsohuwar da ke wanke kwanoni, duk tambaya ɗaya zai sa ka yi masu. In ka tsallake wani ka ruga ka nuna wanda ba shi ba, gilashin ya yi ja, ya yi wata ƙara kamar akuya ta shaƙe, ya mai da kai bakin ƙofa ka sake farawa. Wanda ka yi wa ƙazafi ya koma inda yake tsaye, ko rigarshi ba ta yamutse ba. Da farko na lissafa wannan cikin kyawun wasan. Yanzu ban san inda zan aje shi ba.

Ina cikin sati na biyar da kwanciya na iso wani bincike. An fasa ɗakin ajiya a bayan gida, ga sawun manyan takalma a cikin laka. Mutum guda ne a gidan mai irin takalman, mai kula da lambu. Na ce ai wannan ko jakina ya gane, na danna shi. Gilashi ya yi ja. Na sake bi ta wata hanya na sake danna shi, ya sake yin ja. Na aika wa ɗiyata murya na ce wasanta ya lalace.

Ta maido mani tana dariya. "Baba, ba ka auna sawun ba. Akwai abin awo a cikin littafin. Kai kullum sai ka ruga."

Na auna. Takalmin babba ne, amma tsakanin taku da taku gajere ne, kuma diddigen yana jan ƙasa, kamar ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Ashe tsohuwar mai wanke kwanoni ce ta zura takalman mai lambu da ya bari a bakin ƙofa. Aka buga mani kiɗa. Na fara dariya, ina cewa kai tsohuwar nan da wayo take, sai dariyar ta yanke. Na taɓa ganin irin wannan sawun. Ba a cikin laka ba, a cikin rairayi, a gindin rumbuna.

Shekarar babban fari ce, zamanin sojojin farko. Wanda bai gan ta ba ba zai gane ba. Mata na jiƙa ƴaƴan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, maza na tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da ta tara. Samari sun watse Najeriya. Mu a gidana mun riga mun binne ƙaramin ɗanmu, saura uku, babbarsu ita ce wannan mai koyarwar, lokacin cikinta ya kumbura, gashinta ya yi ja. A rumbuna da ke bayan gari ba abin da ya rage sai dami guda na iri, wanda na zaɓa zangarniya-zangarniya. Iri ba a cin shi. Wanda ya ci irinshi ya ci baɗi. Kuma a wajenmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Mai gida ke hawa ya ɗaga murfi, ya fiddo ya miƙo. In mace ta leƙa, an ce ta je ganin talaucinshi, magana ce da ke kai wa ga saki. Mun tashi da wannan har ba ma ganin shi, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinshi.

Ina da aboki, sa'ana, tare muka yi kiwon awaki. Yana cikin ƴan gidajen Kirista da ke garinmu, masu ƙaramar majami'a ta kara a gefen gari. Ni ina ce mashi mai Lahadi, shi yana ce mani mushe saboda Faransancina. Kafin farin, wata ranar kasuwa a Tasawa, mun tsaya wajen mai yankan takalmi ya yanko mana daga taya guda ta kamyo, babbar motar kaya, mai zane kamar ƙashin kifi. Duk garin mu biyu kaɗai ke da wannan zanen. In yara suka ga sawun a hanya sai su ce ko mushe ko mai Lahadi.

Aka ce ana rubuta sunaye a Tasawa za a raba dawar taimako. Na tafi. Kuma don masu biro, ma'aikatan ofis, su san ba da baƙauye suke magana ba, na sa takalmin kanti mai igiya da wani ya taɓa ba ni, yana matse ni, na tafi ina ɗingishi. Kwana uku na yi, na dawo da alkawarin kamyo zai zo. Da azahar na iso, na biya ta rumbu kafin in shiga gida. Murfi a karkace. Na hau na leƙa, babu damin.

Na sauko na duba ƙasa. Ga ƙashin kifi a rairayi, ya zo, ya zagaya, ya koma wajen gari har ya ɓace cikin sawun awaki. Na ga takun gajere ne. Na ga diddigen yana jan ƙasa. Wallahi na gani, har na tsuguna a kai. Na ce wa kaina ai mai ɗauke da dami ba ya dogon taku. Mu biyu ke da takalmin, ni kuwa ina Tasawa. Lissafi ya fita. Har wani daɗi na ji a ƙasan fushin, daɗin mutumin da ya gano abu da kanshi.

Washegari kamyon ya zo da masu kaki a kanshi. A lokacin ba a wasa da maganar satar hatsi. Gari duk ya taru. Na kutsa gaba na buɗe baki da Faransancina, na ce mai Lahadi ya sace mani iri. Mai gari, tsoho ne mai haƙuri, ya jawo gefen rigata.

"Kai, bari mu zauna tukuna. Maganar gida ce."

Na fizge rigata. Yaushe zan sake samun ranar da gari duka zai ji ina magana da masu kaki da harshensu?

Suka tasa abokina gaba zuwa rumbunshi, suka fiddo dami guda na iri. To wane manomi ne ba shi da shi? Suka tambaye ni, na ce nawa ne. Hatsi ai kama yake da hatsi. Ya dube ni, ya dubi bayana wajen da mata ke tsaye, ya sake dubana.

"Ba naka ba ne, sa'a," ya ce.

Ɗaya daga cikin masu kakin ya ɗauke shi da mari a kunnen hagu, ya faɗi, suka ɗaga shi suka ƙara. Suka jefa shi cikin kamyo. Ni kuma suka miƙo mani damin. Bayan ƴan kwanaki ya dawo da ƙafa, kunnen na zubar da ruwa. Da ruwan shuka ya sauka, na shuka irinshi a gonata. Shi ba shi da abin shukawa, ya kwashi matarshi da ƴaƴanshi ya koma wajen surukanshi a ƙasar Mayahi, yana noma gonar wasu. Suna kuma ya bi shi. Har yau a garinmu in za a kwatanta tsohon gidanshi sai a ce kangon ɓarawon iri. Sauran gidajen Kiristan sun yi shekaru suna tafiya kai a ƙasa, don an riƙa cewa ai haka suke.

Duk wannan ya dawo mani ina kwance da salula a kan ƙirji, kiɗan cin nasara bai ko gama ba. Cikin shekara arba'in ban taɓa tambayar kaina abu guda ba: ni ina Tasawa, to takalmina na taya suna ina?

Da la'asar uwar gida na zaune bakin ƙofa tana tsince wake a faifai. Na daɗe ina kallon ƙafafunta. Ƙanana ne.

"Uwar gida."

"Malam."

"Shekarar fari, da na tafi Tasawa rubuta suna. Takalmina na taya ina na bar su?"

Hannunta bai tsaya ba. "Bayan ƙofa."

"Wani ya sa su?"

Ta tsince tsakuwa biyu ta yar kafin ta amsa. "Rairayi da zafi da tsakar rana, Malam. Ni kuwa ba ni da takalmi, na sayar."

Na ji kamar amalanken ta sake kifewa da ni. Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni? Ka shigo kana ihu, ka fita kana ihu. Na ce in ka huce da safe zan gaya maka. Da safe kafin in ɗaura zane ka kai gaban masu kaki." Ta aje faifan. "Bayan an tafi da shi kuma, in faɗa ka sake ni a gaban gari, in ɗauki yara uku in nufi ina cikin wannan shekara?"

"Iri ne fa."

"Na san iri ne. Na binne guda. Wadda ta ba ka abin nan da ke hannunka, da me kake tsammani ta kai damina?" Ta ce a dutsen niƙa ta riƙa murza shi kaɗan-kaɗan don kada a ji ƙarar turmi, ta ɓoye garin a tukunya. "Kunun da na ce maka yayana ne ya aiko da garin daga Hawandawaki. Kai ma ka sha. Kana sha kana tsine wa ɓarawo."

Na tuna kunun. Na tuna har ƙari na nema.

Ban yi mata faɗa ba, da wane bakin? Ita ma ba ta nemi gafarata ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba. Sai da ta tashi za ta shiga ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Babu sallar da na yi tun ranar ban sa shi a addu'a ba. Amma addu'a ba ta gyara kunne."

Da ƙafa ta yi ƙwari na auno tiya guda cikin ɗan abin da gonar ta ba mu, na ƙulle a buhu. Hatsin da nake shukawa har yau jikan jikan damin nan ne, ban taɓa canza iri ba, kullum ina yi wa mutane alfahari da shi. Na hau babur na kabu-kabu zuwa ƙasar Mayahi. Hanyar rairayi ce, sau biyu muna sauka muna turawa. Gonakin da muka wuce duk irin namu ne, kara tsaye ba kai.

Na same shi gindin wata adduwa yana tufkar igiya. Ya tsufa fiye da ni, ko kuwa haka nake so in gani. Matarshi ta rasu, ƴaƴan sun watse. Na yi sallama bai ji ba, sai da na zagayo ta dama. Ya ɗaga kai ya daɗe yana dubana.

"A'a. Mushe? Ba ka mutu ba?"

"Ban mutu ba, mai Lahadi."

"Allah mai haƙuri. Zauna ta nan, wancan kunnen aikinka ne, ba ya ji."

Ya sa aka kawo ruwa. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, ya tambayi mutanen garinmu ɗaya-ɗaya, rabinsu na ce sun rasu. Ya dubi sandata ya ce ashe jakuna ma sun fara gane ni. Sannan na tura mashi buhun gabanshi, na faɗa mashi duka. Magana ce da ta kamata a yi ta ƙasa-ƙasa, amma dole na riƙa ɗaga murya kamar mai tallar gishiri. Har wasan na ba shi labari, Baturen da malafarshi da tsohuwa mai wanke kwanoni.

Ya yi dariya har da tari. "To shekara arba'in kana kwana ɗaki guda da amsar, sai da Baturen cikin gilashi ya gaya maka?"

"Kai ka sani?"

"Ina kan gawo ina kakkaɓo wa akuyata ƴaƴa. Na gan ta tana jan takalmanka kamar agwagwa, dami a kai, tana tafiya tana kuka. Na lafe cikin reshe don kada ta san an gan ta."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, suna dukanka?"

"In faɗa su yi mata abin da suka yi mani? Ga ta tsaye bayanka da goyo." Ya ci gaba da murza igiyar a cinya. "Kuma na ɗauka za ka gane. Na ce mushe ne, ya yi lakwal, in ya shiga gida ya ga takalmanshi zai biyo kamyon da gudu. Kwana na farko a tsare ina ta kallon ƙofa."

Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo hatsin ya duba a tafin hannu, ya sa ƙwaya guda a baki.

"Nawa ne," ya ce. "Wannan kam nawa ne. Na ubana ne ma. Amma gonar da zan zuba shi fa? Kai ma ka ga sama."

Na ce ya yafe mani. Ya ce ai wannan an daɗe da wucewa, a majami'arsu kowace Lahadi sai an tuna masu da yafiya, ya yafe tun yana jin haushi har ya daina ji. Ya ce abin da bai wuce ba shi ne yaran. Babban ɗanshi ya taɓa neman aure a Baudeta, aka aika bincike garinmu, aka dawo da sunan, maganar ta mutu. Jikokinshi ma in sun yi faɗa da yara sai an jefe su da shi, su da ba su san ko launin rumbun ba.

Nan bakina ya dawo, irin yadda ya saba. Na buga sanda a ƙasa na ce wallahi ranar Juma'a zan tashi a masallaci bayan an sallame, gaban liman da mai gari da kowa, in ce ƙarya na yi, mutumin nan bai ɗauki irina ba. Na ce har majami'arsu zan je in tsaya a bakin ƙofa in faɗa. Ina faɗa ina jin daɗin nan na dā yana tasowa, daɗin ganin kaina tsaye gari na saurare. Ya bar ni na gama. Ya raka ni har wajen babur, yana riƙe da gwiwar hannuna kamar ni ne kurman.

Juma'a nawa ta wuce tun ranar, ban ƙirga ba. Ina zuwa masallaci, a sallame, in ɗauki sandata in bi bayan mutane in dawo gida. Uwar gida ta aje mani fura, in sha. Ɗiyata ta yi ta aiko murya tana tambaya ko na gama binciken ƙarshe, wai shi ya fi daɗi. Na ce mata idona ya fara ciwo. Salular na cikin akwati, ban sake aikawa da ita caji ba. A can in ka nuna wanda ba shi ba sai a mai da kai bakin ƙofa, in ka nuna wanda ya yi kuma a buga maka kiɗa. Ni na gano wanda ya yi, ga ta nan tana tsintar wake, ba wanda zan iya nuna wa.

Ranar nan a ƙasar Mayahi, sa'ad da na ɗaga ƙafa zan hau babur ɗin ne mai Lahadi ya matso da bakinshi kusa da kunnena, kamar yadda ake yi mashi, ya ce:

"To mushe, in ka tashi ka ce ba ni ba ne, za su tambaye ka wane ne. Me za ka ce masu?"